Fitilar ABS da ta santsi sun kama: yadda za ka gano laifin kafin ka sayi sensa

Idan tsohuwar mota ta shiga Magazin, unguwar makanikai a Suame ta Kumasi, da fitilu biyu a kunne a gaban direba, ta ABS da wadda ke da hoton mota tana zamewa, kafin a ɗaga bonet yaron masta ya riga ya yanke hukunci: sensa ce. A aika a sayo, a ɗaura, mai mota ya biya, bai kai Sofoline ba fitilar ta dawo. Sensa tana mutuwa, babu musu. Amma ita ɗaya ce cikin abubuwa biyar da ke jere a layi guda: zoben da take karantawa, tazarar da ke tsakaninta da zoben, ita kanta sensar, wayarta da soket ɗinta, sai ƙwaƙwalwar ABS, wato akwatin lantarkin da ke sarrafa tsarin. Ko wanne ya samu matsala fitila iri ɗaya za ka gani, sau da yawa ma lamba iri ɗaya kwamfuta za ta ba ka. Aikin shi ne ka bi layin nan daki-daki, ka fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Kowace ƙafar mota tana da sensar da ke ƙirga juyawar taya tana aika wa ƙwaƙwalwa. Ita kuma kwatanta gudun tayoyin huɗu take yi. Ka taka birki wata taya ta nemi kullewa, sai ta sassauta mata, wannan shi ne ABS. Ka taka totur a laka wata taya ta kama juyawa a banza, sai ta ɗan matse mata birki ko ta rage wa inji ƙarfi, wannan shi ne tsarin hana santsi. Toyota na rubuta TRAC da VSC, Honda TCS ko VSA, Nissan VDC, Benz ASR da ESP, BMW kuma DSC. Duk a rijiya ɗaya suke shan ruwa, shi ya sa ƙafa ɗaya ta yi shiru sai ƙwaƙwalwa ta kashe su gaba ɗaya. A wasu motocin allurar gudu ma daga nan take samun labari, sai ka ga ta kwanta, giyar otomatik ta fara shiga da duka.

Birkinka na yau da kullum yana nan yana aiki ko da fitilar ABS na kunne. Inda za ka yi hattara shi ne idan jar fitilar birki ta kama tare da ita alhali ka sauke birkin hannu. Ko dai man birki ya yi ƙasa, ko tsarin da ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ya tsaya, tayoyin baya kuma na iya kullewa a kwalta mai ruwa. Irin wannan motar ba ta tafiyar Accra ba ce sai an duba.

Fara da kallon fitilar

Murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba. Fitilar ABS da ta santsi su kama na kamar daƙiƙa uku, su mutu. Idan ba su kama ba sam, kada ka yi murna. Akwai masu sayar da mota da ke cire ƙwan ko su liƙe shi da baƙin tef ta ciki don mai saye kada ya gani.

Lokacin da fitilar ke kamawa yana rage maka rabin aiki. Idan ta kama ta ƙi mutuwa tun mota na tsaye, ƙwaƙwalwa ta ga layi a yanke ne, ko wayoyi sun haɗe, ko wuta ba ta isa gare ta: nemi waya, soket, fiyus, ko naɗin wayar da ke cikin sensar. Idan ta mutu lafiya sai ka fara tafiya ta dawo, layin wuta kalau yake, saƙon ne ba ya zuwa daidai: nemi zobe, tazara, datti, ko boris. Idan kuma sai ka faɗa rami, ko ka karya sitiyari har ƙarshe, ko bayan ruwan sama da wankin mota, to waya ce ta karye a cikin robarta ko ruwa ya shiga soket. Tambayi mai mota abin da aka taɓa a kwanan nan. Shaf, boris, shokazoba, taya, saitin ƙafa, walda a ƙarƙashin mota. Laifin ya fi son zama inda hannu ya taɓa na ƙarshe.

Abubuwan da ba su da alaƙa da sensa

Auna batir. Inji a kashe ya ba ka 12.4V zuwa 12.6V, inji na aiki 13.5V zuwa 14.5V. Ƙwaƙwalwar ABS ba ta jure ƙarancin wuta, batir mai rauni ko altaneta da ta gaji kan sa ta ajiye lambobi barkatai. A Toyota lambar ƙarancin wuta ita ce C1241. Duba fiyus ɗin ABS, yawanci akwai manya biyu a akwatin cikin bonet, na famfo da na bawul, da ƙarami guda. Duba man birki. Sa wani ya tsaya a baya ka taka birki, domin maɓallin fitilar birki da ke saman feda idan ya lalace yana kunna fitilar santsi.

Sai tayoyi, kuma a nan Kumasi wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda yawancinmu taya ɗaya-ɗaya muke saye wajen mai faci, wadda aka samu. Karanta rubutun gefen kowacce. Taya 185/65 R15 tsayinta kusan milimita 621 ne, 205/65 R15 kuma kusan 647. Bambancin ya haura kashi 4 cikin 100. Ka haɗa su a mota ɗaya, ƙaramar za ta riƙa juyawa fiye da babbar koyaushe, ƙwaƙwalwa ta ɗauka santsi take yi, sai ka ji mota na riƙe kanta a kwana ko fitila na ƙiftawa a hanya busasshiya. Taya mai ƙarancin iska sosai ma haka take yi.

Wani abin da ke ruɗa mutane a Camry, RAV4 da Highlander: fitilar inji ta kama, VSC da TRAC OFF su biyo ta, amma ta ABS ba ta kama ba. Nan babu ruwan ƙafa. Inji ne ke da matsala, ƙwaƙwalwar birki ta ajiye C1201 ta janye hannunta. Gyara laifin inji, su mutu tare.

Lambar kwamfuta

Ƙaramar na'urar nan mai araha da ake haɗawa da wayar hannu, yawancinta inji kaɗai take karantawa, lambobin da ke farawa da P. Za ta ce maka babu laifi alhali fitila na kallonka. Kana buƙatar wadda ke shiga ABS, yawancin lambobinsa da C suke farawa. A motoci da dama, musamman na kamfanin GM (General Motors), C0035 gaba hagu ce, C0040 gaba dama, C0045 baya hagu, C0050 baya dama. Toyota nata daban: C0200 gaba dama, C0205 gaba hagu, C0210 baya dama, C0215 baya hagu. Tsofaffin VW da Audi kuma 00283 gaba hagu, 00285 gaba dama, 00287 baya dama, 00290 baya hagu. Hagu da dama ana lissafa su ne daga zaune a kujerar direba, wato a motocinmu na Ghana hagu ita ce ɓangaren direba. An sha canza sensar ƙafar da ba ta da laifi saboda makaniki ya tsaya a gaban mota yana fuskantarta.

Tsofaffin Toyota na iya faɗa maka lambar ba tare da kwamfuta ba. A soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, haɗa rami na 4 da na 13 da guntun waya, ka murɗa makulli. Fitilar ABS za ta ƙifta: sau uku, ta dakata, sau ɗaya, wato 31, gaba dama. 32 gaba hagu, 33 baya dama, 34 baya hagu, 41 matsalar wutar batir. Ƙirga ramukan da fitila a hannu kafin ka soka komai, domin rami na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuskure a nan na ƙona abu mai tsada.

Lambar ƙafa kawai take nuna maka. Rubuta ta, goge ta, ka zagaya ka ga wadda ta dawo, domin wasu tsofaffi ne da suka kwana tun wani gyara na bara.

Idan na'urarka na nuna gudun tayoyi kai tsaye, babu gwajin da ya kai wannan. Wani ya tuƙa a miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, kai kana kallon lambobi huɗun. A kilomita 30 a awa duka su nuna 30, ko da bambancin ɗaya. Wadda ta tsaya a sifili, layinta a yanke yake. Wadda ke tsalle, 30, 12, 30, zobe ne ko waya. Wadda ke ƙasa ko sama da sauran da adadi ɗaya koyaushe, girman taya ne ko zobe mai haƙoran da ba na motar ba. Ka fi sa ido lokacin da ake rage gudu daga 15 zuwa tsayawa: wadda ta riga sauran faɗawa sifili, saƙonta ya yi rauni.

Ɗaga ƙafar

Jak kaɗai ba ya riƙe rai, sa mata abin tokare. Kafin ka cire taya, kama ta sama da ƙasa ka girgiza. Idan tana wasa, boris ya tafi, zoben na matsowa yana nesanta daga sensa, kuma ko sabuwa ka ɗaura ba za ta karanta daidai ba.

Cire taya ka bi wayar da yatsa daga sensa har inda ta shige jikin mota. Wurin da ya fi karyewa shi ne tsakanin shokazoba da jikin mota, inda take lanƙwasa duk lokacin da aka karya sitiyari ko aka hau rami. Robar waje na iya zama lafiya, jan ƙarfen ciki ya tsinke. Ja ta a hankali tsakanin yatsu, inda ta miƙe kamar roba nan ta karye. Duba ko an mayar da ita cikin maƙalanta bayan canjin shokazoba, domin idan aka bar ta tana lilo taya ko shaf na gogar ta har ta huje. Buɗe soket. Kore-kore ko farin gari a kan fil alamar ruwa ne, kuma masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi cikin ƙafa suna da hannu a wannan. Wanke da feshin wanke soket, bari ya bushe, ka tabbata fil ɗin na kamawa da ƙarfi.

Sensa iri biyu ce, awonsu ba ɗaya ba ne

Tsohon iri naɗin waya ne a kan maganaɗisu, shi ke haifar da wutarsa idan haƙoran zobe na wucewa a gabansa. Za ka gane shi da kauri, bakinsa na jan sukudireba, kuma ka leƙa ramin za ka ga zobe mai haƙora kamar na giya. Cire soket, sa mitar awon lantarki a kan Ω, wato om, auna fil biyun. Yawanci za ka samu tsakanin om 800 da 2,000, gwargwadon mota. Kada ka dogara da lambar kaɗai, auna ta ɗaya ɓangaren ka kwatanta, su zo kusa da juna. Idan mita ta nuna OL, naɗin ya tsinke. Idan kusan sifili, ya haɗe. Auna kowane fil da jikin mota, nan dole ya zama OL. Bar mitar a haɗe ka murɗa wayar ko'ina, lambar ta motsa ka kama ɓarawon. Daga nan mayar da mita kan wutar AC, juya ƙafar da hannu kamar zagaye ɗaya a daƙiƙa. Lafiyayyiya za ta ba ka daga 0.1V zuwa sama, tana ƙaruwa da sauri. Idan om ya yi daidai amma wutar ta gaza rabin ta ɗaya ɓangaren, galibi sensar ba ta da laifi, tazara ce ko zobe.

Sabon iri, wanda ya yaɗu daga wajajen shekarar 2000, ƙwaƙwalwa ce ke ba shi wuta, shi kuma yana mayar da saƙo ta hanyar sauya ƙarfin abin da yake ja, tsakanin 7mA da 14mA a yawancin masu waya biyu. Siriri ne, kuma galibi ba za ka ga haƙora ba, domin zobensa na maganaɗisu ne da ke cikin robar murfin boris. Awon om ba ya faɗa maka komai a kansa, yana ma iya lahanta shi. Abin yi: makulli a kunne, auna ko wuta na zuwa soket daga ɓangaren mota. Wasu ƙwaƙwalen na yanke wutar da zarar sun ga an cire soket, saboda haka ka soka siririn fil ta bayan soket yana haɗe, ka kalli mita daidai lokacin murɗa makulli. Idan wuta na zuwa, saka mita a tsakiyar layin waya ɗaya a kan mA, juya ƙafar a hankali ƙwarai, ka ga tana sauyawa tsakanin lambobin nan biyu. Shekarar mota ba hujja ba ce, akwai masu tsohon iri har bayan 2005, ka duba da idonka.

Idan sensa ta ci jarrabawa a ƙafa, sake wannan awon daga soket ɗin ƙwaƙwalwar ABS, batir a cire. Lafiya a ƙafa, OL a can, waya ce a tsakani. Inda sensar hagu da ta dama iri ɗaya ne, musanya su: laifi ya bi ta zuwa ɗaya ɓangaren, ita ce, ya tsaya inda yake, ba ita ba ce.

Zobe da tazara

A nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Da yawa daga motocin da ke shigowa ta Tema daga Amurka da Kanada suke, inda ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, sai su iso da tsatsa a ƙafafu. Tsatsar na yin ɓarna biyu. Tana kumbura a ƙarƙashin zoben da ke kan shaf har ta tsaga shi. Tsagar siririya ce kamar gashi, sai ka juya shaf a hankali da fitila kana bin haƙori ɗaya-ɗaya za ka gan ta, amma ga sensa wannan gurbi ne da ya fi sauran faɗi, kowane zagaye sai ta ga kamar taya ta yi tuntuɓe. Tana kuma taruwa a ƙarƙashin mazaunin sensar ta ɗaga ta sama. Tazarar da ake so yawanci tsakanin rabin milimita ce da ɗaya da rabi, kaurin katin banki ko biyu. Tsohon iri kuwa ƙarfin saƙonsa na raguwa da raguwar gudu, don haka ƙarin tazara kaɗan ya isa ya sa saƙon ya ɓace a ƙasa da kilomita 10.

Alamar wannan ba ta ɓuya. Kana shirin tsayawa a cunkoson Anloga Junction, a hankali, kwalta a bushe, sai feda ta yi gurnani a ƙarƙashin ƙafarka, mota ta ƙara ɗan gangarawa. Sau da yawa ko fitila ba ta kamawa, domin ƙwaƙwalwa ta yarda taya ce ta kulle. Maganin: cire sensa, toshe ramin da tsumma, goge mazaunin da samfefa har ƙarfe ya fito fes, share bakin sensa daga garin ƙarfen birki da ya manne mata kamar gemu, shafa giris kaɗan a mazaunin, ka mayar.

Sai laifin da gyara ke haifarwa. An canza kan shaf, fitila ta kama washegari. Ƙirga haƙoran sabon da na tsohon. Toyota da yawa 48 ne, akwai kuma kawunan shaf masu 44 ko wani adadin da za su shiga daram, wasu ma babu zoben sam. Shi ya sa ba a yar da tsohon sai an gama gwaji. Idan boris aka canza a mota mai sabon iri, tambaya ta farko ita ce ta wace fuska aka buga shi. Fuska ɗaya ce ke da maganaɗisu, ita ce dole ta kalli sensa. Kafin a buga, kusanto da ƙaramar allura ko kilif ɗin takarda, fuskar da ta ja shi ita ce. An juya shi, babu gyara sai sabon boris, domin fitar da shi na lalata shi. Haka idan an saya wanda babu maganaɗisun, ko an buga shi da guduma a kan robar, ko an ajiye shi kusa da maganaɗisun lasifika. A matsa shi da injin matsi, kuma a ɗaure babban notin shaf daidai ƙarfin da kamfani ya faɗa, sako-sako na sa boris wasa.

Cirewa, saye da ɗaurawa

Noti ɗaya ne ke riƙe sensa, yawanci sifana lamba 10. Jiƙa shi da man kwance tsatsa ka ba shi lokaci, yana saurin karyewa. Sensar kanta kan manne a raminta, ka riƙa murɗa ta hagu da dama tana tasowa, kada ka sa sukudireba ka banƙare. Idan ta karye a ciki, a huda robar a fitar da ita gutsure-gutsure, ana lura kada bakin abin huda ya taɓa zobe.

Wajen saye, tafi da tsohuwar a hannu, ko a Magazin ko Abossey Okai idan kana Accra. Kwatanta soket, tsawon waya, tsawon bakin da ke shiga rami, da hagu ko dama. A ganina asalin hom-yus, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, da aka auna a gabanka ta fi sabuwa marar suna, musamman a sabon iri, inda na jabu kan ba da saƙon da ƙwaƙwalwa ba ta karɓa. Tafi da mitarka, ka kuma yi magana da mai shago a kan mayarwa kafin ka miƙa sidi. Ɗaurin notin kaɗan ne, wajen 8 zuwa 10Nm, abin da wuyan hannu zai yi. Idan waya ce ka gyara, kada ka murɗa da hannu ka naɗe da tef. Yi mata dalma, sa robar da ke tsukewa da zafi, ka bar wayoyin biyu a murɗe da juna yadda suka zo, kuma kada mahaɗin ya faɗo daidai inda take lanƙwasa.

Idan ƙafafu huɗu na karantawa daidai, fitilar ABS ta mutu, ta santsi kaɗai ta rage, duba sensar kusurwar sitiyari da ta juyawar jikin mota. Bayan saitin ƙafa, canjin rak ɗin sitiyari, ko cire batir, wasu motocin na buƙatar a sake nuna musu tsakiya. A Toyota lambar ita ce C1336, ana yin saitin da kwamfuta, mota a shimfiɗaɗɗen wuri, sitiyari a miƙe, ba mai jingina da ita. Ƙwaƙwalwar ABS ita ce ta ƙarshe da za a zarga, bayan an tabbatar wuta da wayar ƙasa na isa gare ta. Alamarta ita ce laifin da ke zuwa idan inji ya yi zafi ya tafi idan ya huce, ko lambobin ƙafafu daban-daban da ke sauyawa ba dalili, ko kwamfuta ta kasa shiga. Sau da yawa dalma ce ta tsage a ciki. Idan za a sa ta hom-yus, lambar jikinta ta zo ɗaya, wasu sai an yi musu saiti da kwamfuta, kuma idan an kwance bututun mai dole a fitar da iska daga birki.

Bayan gyara goge lambobin. A tsohuwar Toyota, wayar nan tana haɗe a rami na 4 da na 13, taka birki sau takwas cikin daƙiƙa biyar, ka cire wayar. Wasu motocin fitilar ba ta mutuwa sai an yi tafiya ta haura kilomita 20 zuwa 30 a awa. Nemi hanyar ƙasa mai tsakuwa inda babu mutane ko babura, ɗaura bel, kai 30, ka taka birki da ƙarfi. Feda ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafarka, mota ta tsaya a miƙe. Sannan ka sake tsayawa sau biyar ko shida a hankali a kan kwalta, tagogi a buɗe, kana saurare: a nan feda ba za ta yi motsi ba, famfo kuma ba zai yi ƙara ba.